Sashen sasanci na Legal Aid a Kumasi: abin da yake iya yi wa iyayen da ɗansu ya ƙi barin gida

Uba ko uwa ba sa kai wa ga cewa ɗan cikinsu ya tattara ya bar musu gida sai tura ta kai bango. A Aboabo, Asawase, Sawaba ko Tafo Zango, kafin maganar ta fita ƙofar gida an yi nasiha, an kira kawu, an kai wa liman. Ɗan ya haura talatin, ba ya sa sisi a mitar wuta, kullum rigima da 'yan haya, wani lokaci a wayi gari babu fanka ko tukunyar gas. In an ce ya fita sai ya ce, "Baba, nan aka binne cibiyata, ina za ni?" Daga nan yawanci caji ofis ake nufa, 'yan sanda kuma su ce maganar gida ce, a je a daidaita. Suna da gaskiyarsu: in babu duka, sata ko barazana, ɗan sanda ba shi da hurumin fitar da mutum daga ɗakin da yake kwana. Wannan aikin kotu ne.

Tsakanin zauren gida da kotu akwai wata ƙofa da mutanen Zango ba su cika ƙwanƙwasawa ba, wato Hukumar Legal Aid, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali a harkar shari'a, mai ofishin yankin Ashanti a nan Kumasi. Dokar da ta kafa ta a siffarta ta yanzu ita ce ta 2018, mai lamba 977, wadda ta maye gurbin tsohon tsarin 1997. Sassa uku gare ta: na ba jama'a shawara, na lauyoyin da ke kare marasa hali, da na sasanci. Na ukun nan muka duba. A ganinmu shi ne wuri mafi dacewa a fara zuwa, kuma mafi arha, amma wanda ya je da tunanin za a haɗa shi da ma'aikaci su zo su kwashe kayan yaro zai dawo da ɓacin rai. Abin da suke bayarwa takarda ce, kuma ingancin takardar ya danganta da shirin da ka je da shi.

Kayan da za a riƙe ba su da yawa. Katin Ghana, adireshin gidan na GhanaPost, lambar wayar ɗan, da duk wata shaidar mallaka: takardar da aka ba da filin da ita, taswirar filin, takardun Hukumar Filaye in an yi rajista, da rasit ɗin harajin gida na majalisar birnin Kumasi (KMA) ko ta Asokore Mampong. Gidajen Zango da yawa ba su da komai sai rasit ɗin harajin nan, wani ma da sunan kakan da ya rasu tuntuni. A kawo shi duk da haka, kuma a yi fotokofi biyu na kowace takarda, kada a bar ta asali a hannun kowa. Ba a biyan kuɗin lauya a zaman sasanci. In an nemi wani abu na fom, a karɓi rasit.

Tambayar farko da za a yi maka ita ce mafi nauyi: gidan na wa ne? A nan ma'aikatan suka fi amfani, domin a nan iyaye suka fi yin kuskure.

Idan kai ka sayi filin ka gina da guminka, ɗanka baligi yana zaune ne da izininka kawai. Ba ɗan haya ba ne, ba mai rabo ba ne, kuma daɗewarsa a ɗakin ba ta mayar da ɗakin nasa, ko da ya shekara 20, tunda da yardarka ya zauna. Izini kuwa ana janye shi, muddin an ba mutum lokaci mai ma'ana ya nemi wuri. Dokar yara ta 1998, mai lamba 560, ta ɗora wa iyaye ciyarwa da matsuguni har shekara 18, kuma kotun iyali tana iya tsawaita wannan in yaron yana karatu ko koyon sana'a. Ɗan shekara 19 da ke makarantar koyon jinya daban yake da ɗan shekara 35 da ke kwana har azahar. A fiƙihun Malikiyya da muke bi ma, ciyar da ɗa namiji tana sauka daga kan uba in ya balaga yana iya nema, ta 'ya mace kuma sai ta tare a gidan miji. Don haka ne ma ba kasafai ake jin wannan ƙara a kan 'ya'ya mata ba.

Idan kuwa maigidan ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, uwa ce take son fitar da ɗan, lissafi ya canza gaba ɗaya. Dokar gado ta 1985, wadda kowa ya sani da PNDC 111, ta ce in mamacin ya bar gida ɗaya, matarsa da 'ya'yansa ne suka mallake shi tare, kuma "ɗa" a wannan doka bai tsaya ga ƙananan yara ba. Gyaran da aka yi mata a 1991 ya ma mayar da korar mata ko ɗan mamaci daga gidan kafin a raba gado laifi. Dokar ta hau kan Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Iyalai da yawa suna raba gado a gaban malamai bisa shari'a, kuma hakan yana tafiya lafiya in kowa ya yarda, amma ko a can ɗa magaji ne. Saboda haka uwa ba za ta kori mai rabo kamar baƙo ba. Hanyar da ta rage ita ce a karɓo takardar kula da dukiyar mamaci daga kotu, a raba, a san ɗakin kowa, ko a yi wa rabonsa kuɗi a biya shi ya tashi. Jin wannan yana yi wa tsofaffi ɗaci, amma gara su ji shi kyauta a ofis da su ji shi daga bakin alƙali bayan sun biya lauya.

Akwai kuma hali na uku da ya cika gidajenmu: ɗan ya je Libiya ko Italiya ya turo kuɗi, ko yana sana'arsa a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, uban ya ce, "Ga fili nan a bayan gida, yi ɗakinka." Ya sayi bulo da kwano ya gina, uban yana kallo. Wanda ya kashe kuɗinsa bisa alkawari irin wannan kotu ba ta fitar da shi hannu rabbana. Haka in ya ce kyauta aka ba shi a gaban shaidu har ya yi godiya, abin da Asantawa ke kira aseda. Nan magana ta tashi daga "fita mini daga gida" ta koma "wa ke da ɗakin", kuma dole a sa batun biyan kuɗin gini a teburin sasanci. Gidan dangi da aka gada kaka da kakanni shi ma haka: mai magana a kansa shugaban dangi ne tare da manya, ba uba shi kaɗai ba.

In an tabbatar da cewa maganar ta sasantuwa ce, sai a rubuta wa ɗan takardar gayyata da rana. Gayyata ce, ba sammaci ba. Dokar sasanci ta 2010, mai lamba 798, ta ce in mutum bai amsa gayyatar sasanci cikin kwana 14 ba, ko cikin wa'adin da aka rubuta a takardar, ana ɗauka ya ƙi. Babu mai kama shi don ya ƙi zuwa. Duk da haka takarda mai tambarin gwamnati tana da kwarjinin da kiran kawu ba shi da shi, kuma da yawa suna zuwa ko don su faɗi nasu. Kada uban ya miƙa ta da hannunsa ana tsakiyar faɗa. A ba wani dattijo da ɗan yake jin kunyarsa, a rubuta rana da lokacin da aka ba shi.

Zaman kansa ba shi da kwarjinin kotu. Tebur ne da kujeru, mai shiga tsakani a gefe guda, babu rantsuwa, babu 'yan kallo. Kowa zai yi magana ba a katse shi ba, sannan a kan ware kowane ɓangare a ji ta bakinsa shi kaɗai. A wannan keɓewar ce gaskiya take fitowa. Ɗan da yake ta cika baki a gaban uwarsa yakan sunkuyar da kai ya ce matsalar kuɗin adibas ne, masu gida suna neman na shekara ɗaya ko biyu, shi kuwa ko na wata uku ba shi da shi. Uwar da ta ce ba ta son sake ganinsa takan ce ita dai abokan da yake tarawa da dare ne ba ta so. Abin da aka faɗa a ɗakin sirri ne, ba a ɗauke shi a kai kotu a matsayin shaida, kuma mai shiga tsakani ba ya yanke hukunci. Wannan sirrin babban abu ne ga mutanenmu, domin abin da ke hana iyaye motsi shi ne tsoron a ce wane ya kai ɗansa kotu.

Harshe yana iya zama cikas. Da Turanci da Tuwi ake yawan aiki a ofisoshin Kumasi, tsohuwar da Hausa ce kaɗai bakinta tana bukatar tafinta. Kada a ɗauko ƙanin wanda ake ƙara, ko kishiyar uwarsa. A nemi wanda ba shi da rabo a gidan, kuma a nace a karanta wa tsohuwar yarjejeniyar layi-layi da Hausa kafin ta dangwala yatsa, a rubuta a ƙasa cewa an fassara mata ta kuma gane, tafintan ya sa hannu. Rashin wannan layin yana iya zama hujjar ƙalubalantar takardar daga baya.

Yarjejeniyar ita ce dukan abin da za ka fita da shi, kuma a nan ne ake yawan yin sakaci. An gaji, an yi kuka, ɗan ya ce, "Mma, ki yafe mini, zan tashi in Allah ya hore," kowa ya ji sanyi, sai a rubuta haka. "In Allah ya hore" addu'a ce mai kyau, amma ba wa'adi ba ce, kuma babu alƙalin da zai iya zartar da ita. Takarda mai amfani tana faɗin rana da wata da shekarar da zai fita, da ɗakin da ake nufi (na uku daga ƙofa a hannun dama, misali), da wanda za a miƙa wa makulli. Tana faɗin cewa shi da duk wanda ke zaune ta dalilinsa za su fita, domin an sha ganin ɗa ya tashi ya bar mata da yara ko wani aboki a ɗakin. Tana faɗin makomar kayan da ya bari bayan wa'adi, da bashin wuta da ruwa, da yadda zai riƙa shigowa gaisuwa, da rana ko da dare, da kwana ko babu. In akwai jikoki ƙanana, a rubuta inda za su zauna da wanda zai ciyar da su, don kotu ba ta wasa da wannan.

In iyayen ko 'yan'uwa za su taimaka da kuɗin haya, wanda shi ne yake warware yawancin irin wannan rigima, kada a damƙa masa kuɗin a hannu. A biya mai sabon gidan kai tsaye, ta MoMo (tura kuɗi ta waya) ko da rasit, kuma a ɗaure biyan da miƙa makulli. A misali, in ɗaki sidi 250 ne a wata, shekara guda 3,000 ke nan, abin da bai kai kuɗin da shari'a za ta ci ba. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar adibas fiye da na wata 6, amma kowa ya san yadda kasuwar take. Sai layi na ƙarshe, wanda ya fi kowanne: a rubuta ƙarara cewa ɓangarorin biyu sun yarda yarjejeniyar ta ɗaure su. Da wannan layin, sashe na 82 na dokar sasanci yana ba ta ƙarfin hukuncin mai raba gardama, wanda ake iya neman izinin Babbar Kotu a zartar da shi kamar hukuncinta.

Raunin hidimar ma daga nan yake farawa. In ranar ta zo ɗan ya ce ba inda za shi, ofishin ba shi da ma'aikatan da za su fitar da shi. Sai an sake komawa kotu. Kuma ba lallai ne a ba ka lauya kyauta ba, domin lauyoyin hukumar na marasa hali ne, ana duba abin da mutum yake samu. Tsohon da ke karɓar haya daga ɗaki takwas zai iya jin an ce ya nemi lauyansa. Ga ƙarancin ma'aikata, wanda hukumar da kanta ta daɗe tana kuka da shi: a yi sammako, a sa ran ɗage zama, kuma a riƙa bibiya da ƙafa maimakon jiran a kira.

Saboda wannan raunin, in ka san ɗanka mai taurin kai ne wanda ya saba karya alkawari, akwai dabarar da ta fi. A shigar da ƙara tukuna, sannan a roƙi alƙali ya tura maganar sashen sasanci na cikin kotu, tsarin da hukumar kula da kotunan Ghana ta fara tun 2005. Zaman iri ɗaya ne, amma abin da aka amince a kai alƙali yana karɓarsa ya zama hukuncin kotu kai tsaye. In an saɓa, sai neman takardar karɓe ɗaki kawai. Kotun gunduma tana sauraron rigimar gida ko fili da darajarsa ba ta wuce sidi 500,000 ba tun gyaran 2020, abin da ya haura sai kotun da ke samanta ko Babbar Kotu.

Wasu za su ce me ya kai mu ofis alhali ga fadar Sarkin Zango, ga sarakunan ƙabilu, ga limamai. Ba a raina wannan hanya ba, kuma doka ta san da ita. Dokar sarauta ta 2008 ta tabbatar wa sarki ikon raba gardama in ɓangarorin sun yarda, dokar 2010 kuma ta ce biyan ɗan abin da aka nema na zama alama ce ta yarda, wanda ya shiga ba ya janyewa a tsakiya, hukuncin yana ɗaure kowa, kuma ana iya yi masa rajista a kotu. A wani fannin ma ta fi sasancin ofis ƙarfi, tunda can hukunci ake yankewa. Inda take yin rauni shi ne rubutu, da kuma nauyin baki. Sau da yawa ana tashi da "a yi haƙuri, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar", tsohuwa ta koma gida da matsalarta. In za a bi fada, a nemi a rubuta hukuncin da rana a ciki. Ofishin Rent Control kuwa na mai gida da ɗan haya ne. Sai in ɗan yana biyan kuɗi duk wata da sunan haya, musamman in akwai rasit, sannan maganar ta zama tasu, kuma a nan dole a kawo dalilin da dokar haya ta yarda da shi, kamar bashin haya ko damun maƙwabta, umarnin fita kuma daga majistare zai fito. Shi ya sa abin da ɗa yake bayarwa na cefane ko wuta bai kamata a taɓa kiransa haya ba.

Akwai halin da bai kamata a ɓata lokaci a ofishin sasanci ba sam. In ɗan yana dukan iyayensa, yana zare wuƙa, yana cewa zai ƙona gidan, ko yana ƙwace kuɗin tsohuwa da ƙarfi, wurin zuwa shi ne DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida. Mutane suna ɗauka na mata da miji ne kawai, alhali dokar 2007, mai lamba 732, ta haɗa da iyaye da 'ya'yansu. Kotu tana sauraron neman umarnin kariya cikin kwana 14, tana iya ba da na wucin gadi har wata 3, na ƙarshe kuma har wata 12 a karon farko. Sashe na 20 ya ba ta ikon umartar mai cin zarafin ya bar gidan, bayan ta duba rahoton jami'in jin daɗin jama'a da na masanin halayyar ɗan Adam. Wannan umarnin ba ya jiran a gama gardamar wa ke da gidan, don haka ko uwar da ɗanta yake da rabon gado tana iya nemansa. Hukuncin laifin yana kai tarar sidi 6,000 ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun. A karɓi fom ɗin asibiti daga 'yan sanda a ranar da abin ya faru, a ɗauki hoton rauni da ƙofar da aka fasa. In kuma tiramol ko wiwi sun taɓa masa kai, ko dama yana da taɓin hankali, kora ba magani ba ce, gobe zai dawo ta katanga. Asibitin Komfo Anokye yana da sashen masu wannan lalura, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta tanadi yadda kotu za ta sa a kwantar da mutum ko bai yarda ba.

Abin da ke lalata ƙarar iyaye masu gaskiya shi ne gaggawa. A cire ƙofar ɗaki, a kware kwano, a yanke wuta, a watsa kaya tsakar gida ana ruwa, ko a ɗauko ƙarti su yi waje da shi. Ranar da aka yi haka, mai ƙara ya zama wanda ake ƙara: lalata dukiya da duka laifuka ne a dokar manyan laifuka ta 1960, kuma ɗan zai lissafa kwamfuta da kuɗin da bai taɓa mallaka ba ya ce sun ɓata.

Ko za a je Legal Aid, ko fada, ko kotu, a fara da notis a rubuce. Doka ba ta yanka adadin kwanaki ga mai zama da izini ba, cewa ta yi lokaci mai ma'ana. Ga wanda aka haifa a gidan, muna ganin wata 3 ya fi tsayuwa a gaban alƙali fiye da mako 2. A sa sunansa cikakke, adireshin gidan, cewa an janye izinin zama, da ranar fita. Mai gidan ya sa hannu, shaidu biyu waɗanda ba 'yan gidan ba su sa nasu, a riƙe kwafi, a tura hotonta ta WhatsApp don ranar ta zauna. Bayan an ba da ita kada a karɓi ko sisi daga hannunsa da sunan ɗaki, kada kuma a ce da baki "zauna abinka" ranar Sallah don zuciya ta yi laushi, domin lauyansa zai ce an sabunta izini. In an kai ga hukunci, ma'aikatan kotu ne suke zuwa da takardar karɓe ɗaki, da rakiyar 'yan sanda in ana tsoron rigima. Su za su buɗe, su fitar da kaya. A tanadi kafinta da sabon kwaɗo a ranar, a rubuta jerin duk abin da aka fitar a gaban shaidu, shi ko wakilinsa ya sa hannu ya karɓa.